Jar Fitilar Lamba Bakwai

Litinin, 6:30 na yamma

Yau ma Lamba Bakwai. Eskabetar nan, motar haƙa ƙasa, ta zame mini ƙarfen ƙafa. Tun ƙarfe goma Dogo, direbanta, ya aika a kira ni. Jar fitilar baƙin mai ta kama, kwamfutar injin ta rage mata ƙarfi, ga ta tsaye a cikin magudanar ruwan da muke haƙawa kamar jakin da ya turje. Tifa shida a layi suna jiran ƙasa.

Na gangara da mita da jakar kayana. Sensar man injin wayoyi uku gare ta: ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta mayar, ta ukun ita ke kai wa kwamfuta labarin ƙarfin man da ke zagaya injin. Na zare soket na tarar da shi cike da laka, haƙoransa sun yi kore shar. Wani ya wanke injin da ruwa bai rufe komai ba. Na goge, na busar, na auna, bolt biyar cif. Na bi wayar labarin da yatsa har bayan matatar mai, can na iske ta gogi ƙarfe har tagulla ta leƙo. Na yanke, na haɗa, na naɗe. Fitila ta mutu.

Manaja yana tsaye a kaina tun daga farko har ƙarshe, da farin takalminsa, yana duba agogo. Da injin ya tashi ko sannu bai ce ba. Cewa ya yi na ci masa minti arba'in.

Na wanke hannu sau uku, har yanzu ina jin ƙaurin man. Bai kamata mai ya yi irin wannan ƙaurin ba.

Talata, 1:15 na rana

Fitila ta sake kamawa. Da safe lafiya lau, sai injin ya ɗauki zafi. Wayar da ta goge ba ruwanta da zafi ko sanyi. Akwai wani abu.

Laraba, 7:00 na yamma

Na ciro sensar Lamba Huɗu, wadda na san lafiyarta ƙalau, na ɗaura wa Bakwai. Bayan awa ɗaya da rabi fitila ta kama. Na sake bin wayoyin nan uku tun daga soket har bakin kwamfuta, ina girgiza su ɗaya bayan ɗaya, idona a kan mita. Ko gezau.

Sai na kwance sensar gaba ɗaya na ɗaura gejin hannu a ramin, irin mai allura, wanda bai san wuta ba balle ya yi ƙarya. Da sanyi allura ta hau yadda ake so. Da injin ya yi zafi ya koma silo, yana juyawa a hankali, sai ta zube har tana neman kwanciya a kan sifili. Na ɗiga man a farin tsumma na ɗaga wa rana. Wal-wal, garin ƙarfe ne a ciki. Injin yana cin kansa.

Ashe baiwar Allah gaskiya take faɗa tun shekaranjiya, mu ne muke ta zarginta.

Na kai wa Yaya tsumman. Shi ne shugaban garejin kamfanin, kuma wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. A hannunsa na koyi aikin waya, shi ya kawo ni nan shekara tara da suka wuce. Ma'aikata Bahago suke ce masa. Ya murza man da yatsun hagunsa, ya shinshina, ya ce mu je wajen Manaja tare.

A kwantenar ofis na yi bayani dalla-dalla: a tsayar da ita, a sauke injin, mako biyu. Manaja ya ce mako biyu damina za ta jira shi? Magudanar nan dole ta kai gada kafin ruwa ya kankama. Sannan ya juyo da kujerarsa.

"Ban kira ka ka gaya mini ciwon inji ba. Kai mai waya ne. Fitila ce ta dame ni, kashe mini ita."

Na ce masa fitila ba ta da laifi, kuma hannuna ba zai yi wannan aikin ba. Na waiga ina jiran Yaya ya ɗora nasa. Yana kallon wata ƙusa a ƙasan kwantenar kamar yau ya fara ganin ƙusa.

Da muka fito ya ce na cika zafin kai. Shi ke nan abin da ya ce.

Alhamis, 8:20 na safe

An tura ni wajen fasa dutse, kwana biyu, wai janaretansu ya lalace. A mota nake rubutu.

Alhamis, 2:00 na rana

Fiyus ne ya ƙone. Maigadin wajen ma zai iya canza shi. An ce in zauna har Asabar ko zai sake. To.

Asabar, 5:45 na yamma

Na dawo na tarar da Bakwai tana ta gurnani a cikin magudana, bokiti yana sama yana ƙasa, tifofi suna fita a cike. Lokacin hutu na tambayi Dogo. Ya ce tun ranar Alhamis ba ta sake kamawa ba, 'yan gareji sun gyara. Yana ta murna, wai yanzu ya huta da hararar Manaja.

Ba a sauke inji a kwana biyu. Na san haka, kowa ya san haka.

Murfin injin yana nan kusa da ni, ƙugiya biyu ne kawai. Aikin minti biyu. Na tsaya na gyara igiyar takalmina, na ɗauki jakata na wuce.

Lahadi, 4:30 na yamma

Mun haɗu da Yaya a ɗakin Inna kamar kullum. Ya kawo mata maganin ƙafa, na gyara mata fanka. Muka yi hirar rufin bayan gida da ke yoyo, da jikanta da ya faɗi lissafi. Sau biyu na buɗe baki na rufe. Inna ta ce yau 'ya'yanta sun zama kurame, ko wani ya ci wa wani nama ne. Yaya ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai.

Talata, 7:10 na yamma

Injin Bakwai ya buga.

Wajen ƙarfe uku hadari ya haɗu ta gabas. Dogo ya juya zai fito da ita daga magudana kafin ruwa, ya taka ta hau gangare. Ina can nesa amma na ji: ƙwanƙwasa kamar ana dukan tukunya da guduma, sau huɗu ko biyar, sai shiru. Hayaƙi ya tashi. Ta tsaya cak a tsakiyar rami.

Ruwan bai ba mu ko rabin awa ba. Duk abin da unguwannin sama suka zubar a magudanarmu ya sauko, da leda da ruɓaɓɓen shara da mushen kaza. Dogo ya ƙi fitowa, yana ta murza makulli, har ruwa ya shiga ƙasan kujerarsa. Da ya haƙura ya bi ta kan hannun eskabetar zai tsallaka gaɓa, santsi ya kwashe shi, haƙorin bokiti ya tsarge masa ƙauri. Mu huɗu muka jawo shi da igiya. Ɗinki goma sha ɗaya.

Manaja ya zo da lema. Abin da ya fara tambaya, an rufe gilashin motar aikin kuwa?

Kayana suna waje a bokiti. Maiɗakina ta ce kada in shigo mata da su. Tana da gaskiya.

Laraba, 12:40 na rana

An tara mu a bakin gareji. Manaja ya sanar an dakatar da Dogo. Wai fitila ta kama ya ƙi tsayawa, ya kashe injin kamfani da gangan. Mutumin yana gida da ƙafa a ɗaure, ba a ma jira ya iya tsayuwa ya ji ba. Shekara sha huɗu yana tuƙa manyan injina, ban taɓa jin ya karya ko madubi ba.

Mutum talatin ne a wajen, babu wanda ya yi tari. Ni ma ina cikin talatin ɗin.

Alhamis, 6:50 na yamma

An jawo Bakwai da injina biyu an ajiye a bayan gareji, laka har wuya, ƙudaje sun baibaye ta. Da kowa ya tafi cin abinci na sa mata batir mai kyau, na busar da soket ɗin allon direba, na murza makulli rabi.

Inji a mace, ko juyawa ba ya yi. Allon kuwa ya nuna ƙarfin mai cike, lafiya lau. Gawa ce ake auna wa jini ana cewa ta fi kowa ƙoshin lafiya.

Na buɗe murfin. Tafin hannu ɗaya daga soket ɗin sensa, a ƙarƙashin bututu inda ido ba ya kaiwa, akwai sabon salatif. Na warware. An yanke wayar labari, an haɗa ta da wayar wuta ta kan wata 'yar rezista da ba ta kai ƙwayar wake ba. Da ita a wurin, ko tukunyar mai ta bushe ƙayau, kwamfuta labari ɗaya za ta riƙa ji: komai daidai. Fitilar ba ta da hanyar kamawa. Dogo bai ga komai ba don babu abin gani.

Aiki ne mai tsabta. An murɗe wayoyin ta hagu, an lanƙwasa bakin salatif don a ji daɗin warwarewa. Shekara biyu ana dukan bayan hannuna kafin na iya lanƙwasa shi haka. A garejin nan bahago ɗaya ne.

Na mayar da salatif ɗin yadda na same shi. Na rufe murfin.

Na wanke hannu.

Juma'a, 1:00 na rana

Na kasa cin abinci.

Asabar, 6:15 na yamma

Na sami Yaya a sito shi kaɗai yana jera matatun mai. Na rufe ƙofa. Ban yi dogon bayani ba, na ce na buɗe murfin.

Bai musa ba. Ya ci gaba da jera kwalaye yana magana da su, ba da ni ba. Wai kwana huɗu kawai Manaja ya ce, da an kai gada za a tsayar da ita. Wai ya ƙara mata mai mai kauri da hannunsa don ta jure. Wai in ba shi ya yi ba, za a kawo wani daga waje ya yi, mu biyu kuma a nuna mana ƙofa. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya, wa zai ɗauki mai furfura?

Na tambaye shi Dogo fa. Ya ce Dogo yaro ne, zai samu wani wuri. Dogo da ke da 'ya a jami'a.

Sai ya juyo. Ranar Laraba Injiniya za ta zo daga babban ofis ta duba injin.

"Ka cire abin nan ka mayar da wayar yadda take. Ba wanda zai tambayi dalilin ganinka a jikin injin. Ni in na je yanzu, ido ya yi yawa."

Na ce wato in wanke masa kashinsa. Ban taɓa yi masa irin wannan maganar ba tunda aka haife ni. Ya dube ni ya ce in tuna wanda ya koya mini riƙon mita.

Ai shi ne abin. Ina tune.

Lahadi, 5:00 na yamma

Yaya bai zo ɗakin Inna ba, amma maganarsa ta riga ni zuwa. Ta sa na zauna a bakin gado, ta riƙe mini hannu. Ba ta san sensa ba, ba ta san rezista ba. Ta san dai akwai abin da in na faɗa ɗanta zai rasa aikinsa. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta tuna mini shekarar da mahaifinmu ya rasu, wanda ya bar makaranta ya shiga gareji don in ci gaba da tawa.

Na ce Inna, akwai wani bawan Allah da aka ɗora wa laifin, yana kwance da rauni.

Sai ta tambaye ni, a hankali, shi ɗin ɗan wane ne a danginmu.

Matar da ta taɓa tasa ni gaba har kanti in mayar da alawa ɗaya da na ɗauka. Na gyara mata labule na fito.

Litinin, 3:30 na rana

Yau na samu kujera a kwantenar Manaja. Har da lemo mai sanyi, har da tambayar yara. Shekara tara sai yau ya san ina da yara.

Ya turo mini takarda an buga ta tsaf. Cewa ni mai wayar kamfani na duba Lamba Bakwai na tabbatar wayoyinta da fitilarta suna aiki. An bar mini wurin sa hannu, har da ɗan ɗigo da fensir inda zan fara. Ya ce sauran kuma na san abin da ya kamata kafin Laraba, Bahago ya ce ya yi mini bayani.

Na ce zan karanta. Ban sha lemon ba. Wannan ce duk jarumtar da na iya yau.

Talata, 7:20 na safe

Maiɗakina ta ga takardar da za ta wanke rigata. Ta karanta a tsaye, ta ninke ta mayar mini a aljihu. Ta ce ita ba ta san aikinmu ba, in zan sa hannu in sa, amma kada in dawo ina ƙarar mata da sabulu.

Talata, 5:50 na yamma

Sau biyu na je bayan gareji da filaya a hannu. Sau biyu na dawo. Ban cire ba, ban sa hannu ba, ban faɗa wa kowa ba. Ko kare ya fi ni sanin inda ya dosa.

Laraba, 6:40 na yamma

Injiniya ta zo ƙarfe tara. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana, takalmin roba ta sa ta shiga lakar kai tsaye. Ta leƙa tukunyar mai, ta ɗauki hoto. Manaja yana gefe yana ta zuba, Yaya yana bayana. Sai ta tambaya wane ne mai waya, ta ce in nuna mata fitilar tana aiki.

Ban shirya komai ba. Na hau na murza makulli rabi, na matsa gefe. Ta daɗe tana kallon allon. Ta ce inji a kashe, daga ina wannan ƙarfin man? Na sauko na buɗe murfin, na zura hannu ƙarƙashin bututu, na warware salatif a gabanta.

Ta tambaya aikin waye. Na ce ban gani da idona ba. Gaskiya ce, irin wadda matsorata ke so.

Manaja bai ɓata lokaci ba.

"Ranki ya daɗe, mai waya ɗaya gare mu a nan. Ga shi tsaye."

Na juya na kalli Yaya. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba, ina jin numfashinsa. Na jira. Na rantse na jira shi har na ji kunnuwana suna ƙara. Ya ciro tsumma daga aljihu yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Littafin maigadi ne ya cece ni, ba ɗan'uwana ba. Injiniya ta aika aka kawo, ta ga fitata ranar Alhamis da safe da dawowata Asabar, ta buga waya wajen fasa dutse. Na ciro takardar Manaja na ba ta, ba sa hannu. Ta karanta ta sa a jakarta. Daga nan ta ce shugaban gareji ya biyo ta ofis.

Ban san abin da aka faɗa a ciki ba, ban kuma tambaya ba.

Juma'a, 2:10 na rana

Yaya ya kwashe kayansa. An kira abin ritaya don a rufa masa asiri. Manaja kuma an mayar da shi wani aikin titi, an ce ya fi wannan girma. Ya bi mu ɗaya ɗaya yana ban hannu. Na shiga banɗaki har ya tafi.

Lahadi, 4:15 na yamma

Na je gaida Inna. Ta amsa, ta juya fuskarta bango ta ce barci take ji.

Litinin, 6:55 na yamma

An rubuta wa Dogo takardar dawowa aiki, na ce a ba ni in kai masa. Na same shi a tsakar gida, ƙafa a kan kujera, ɗinkin ya fara ƙaiƙayi yana sosa gefensa da murfin biro. Ya karanta sau biyu ya miƙa wa matarsa. Ta shige ɗaki da ita, na ji tana kuka ƙasa-ƙasa.

Na zauna na ba shi labarin duka, har da ranar da na gano abin da ranar da na faɗa. Ban rage komai ba. Ina so ya zage ni, da na ji sauƙi.

Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce ai ya ga Bahago da idonsa, ranar Alhamis ɗin da aka tura ni. Ya zo aiki da wuri ya tarar da shi kansa a cikin injin, da salatif a baki. A lokacin ya ɗauka gyara ne. Yana kwance ana masa ɗinki lissafin ya faɗo masa.

Na ce to me ya hana shi faɗa, an ɓata masa suna a gaban mutum talatin.

"Yayanka ne. In ta fito daga bakina, kai da shi har abada ni za ku riƙa gani a tsakaninku. Na ce a bar mai waya ya buɗe murfinsa, ba zai gani ya yi shiru ba."

Na ce kwana shida na yi shiru.

Ya ce ya ƙirga. Ya ɗauko sandarsa ya ce sai ya raka ni bakin titi. Na hana shi, ya ƙi. Haka muka tafi, yana ɗingishi yana ba ni labarin yadda Lamba Huɗu ke jan hagu, in duba masa kafin ya dawo. Na ce to. Har motar haya ta tsaya ban iya ɗaga ido na kalle shi ba.